Rairayin da Muka Zuba wa Motar Alhaji Dabo

Kusada, watan Rajab, 1954

Zuwa ga taubashina Sada direba, gidan Alhaji Dabo mai sayen gyaɗa, Kankiya.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya shigo da ƙarfinsa. Maiɗakina Haulatu tana gaishe ka, ko da yake a labari kaɗai ta san ka.

In ka mance ni, ni ne Manu Nagoggo, marini. Kakanka Sodangi da kakata Tani uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka kada ka ce ba ka san mai damunka ba. Rabona da kai tun kana yawo ba wando, shekarar da aka kawo ka gidanmu bayan rasuwar mahaifiyarka, Goggo Iyatu tana goya ka, ni ina gefe ina jin haushi. Yanzu an ce ka zama mutum, har kakin direbobi kake sawa. Ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Rubutun nan nawa ne, in ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da karofi.

Maganar Goggo ce ta sa na nemo ka. Yanar ido ta rufe ta gaba ɗaya. Bara wani mai magani ya biyo ta nan, irin masu tura yanar da tsinken ƙarfe, ya yi mata na hagu. Ta ga haske 'yan kwanaki, daga nan idon ya kumbura, ya mutu. Saura na dama. Malamin asibiti da ya zo yi wa yara lamba ya duba shi, ya ce yana da rai, kuma akwai asibitin ido a Kano inda likita ke cire irin wanga. Amma ya ce likitan zai tafi hutu ƙasarsu bayan ƙaramar Salla, a hanzarta.

To, ga inda muka tsaya. Kugunta ya lalace, ba ta iya zama bisa jaki. Iyakar tafiyarta daga ɗaki zuwa zaure, da sanda. Na ce mu ɗauke ta a gadon kara zuwa bakin babbar hanya, sai ta rantse da Allah ba mai fitar da ita gidan nan a kan mutane sai ranar da ba ta sani ba. Haka aka fitar da mijinta zuwa asibiti, a hanya ya cika. Ka san ta, in ta rantse an gama magana.

An ce ubangidanka ya sayi ƙaramar mota wadda ba irinta a ƙasar Katsina. Ko za ka roƙe shi ta zo ƙofar gidanmu? Ban san ko abin da nake tambaya ya fi ƙarfina ba. Ka ba Jaji mai goro amsa, duk kasuwar Kankiya yana zuwa.

Naka,
Manu Nagoggo

*

Kankiya, farkon Sha'aban

Zuwa ga Nagoggo.

Na amsa gaisuwarka, ina gaida Haulatu, ka durƙusa ka gaishe mani da Goggo. Lafiyata ƙalau. Ka tuna dai ni jikan namiji ne, kai jikan mace, saboda haka idan za ka sake rubuto mani ka fara da ranka shi daɗe. Ba wando da ka ce, na ji. Ni ma na tuna wanda ya faɗa karofi ya yi wata guda yana yawo da shuɗin kunne.

Na karanta maganar Goggo, na kasa cin tuwo. Ban mance bayanta ba. Na sami Alhaji bayan sallar La'asar na faɗa mashi, ya ce aikin lada ne, in je ranar Laraba ta sama. Sharaɗinsa guda: kada a sa mata kaya. Ya ce motarsa ta mutane ce, ba jaka ba ce, ko ƙunshin daddawa bai yarda a jefa a but ɗinta ba.

Nagoggo, bari in ba ka labarinta, don kada ka gan ta ka suma. Baƙa ce wuluk, doguwa, daga Amurka ta fito. In tana tsaye injin yana aiki, sai ka kasa kunne kafin ka ji numfashinta. Na yi shekaru ina jan lorin gyaɗa ina zaton na san ƙarfi, ashe ban san komai ba. Ranar da na fara taka totur ɗinta, ji na yi kamar wani ya dafe mani ƙirji ya manna ni da kujera. Alhaji ya sa goro a baki a Kankiya, ɗacinsa bai bar harshensa ba muka hango ganuwar Katsina. Wani lokaci in na goge ta na ja da baya, sai in tsaya ina kallonta ina tasbihi. Ƙarfe ne fa, daga cikin ƙasa aka tono shi, Allah ya ba ɗan Adam dabarar sa shi gudu haka.

Amma tana da hali guda. Ƙarfinta duk a tayoyin baya yake, nauyinta kuwa duk yana gaba inda injin yake. In muka hau gargada, wato tudun-tudun nan da manyan motoci ke bari a jar hanya kamar kunyoyin gyaɗa, na ɗan taka ta da ƙarfi, sai tayoyin baya su kama ƙasa su saki, su kama su saki, bayanta ya riƙa tsalle har haƙoranka su haɗu. Ran nan rawanin Alhaji ya zamo mashi bisa hanci a gaban mutane. 'Yan kasuwa suna cewa iska ce ke hawanta. Ni dai na san ba iska ba ce, amma ban gano maganinta ba tukuna.

Hanyar Kafin Soli na san ta, za ta biyu. Abin da ban sani ba shi ne daga kukar bakin garinku zuwa ƙofar gida. Ku gyara wurin nan da kyau, kamar yadda za ku gyara wa babban baƙo. Ba na son ta yi wa Goggo tsallen nan da kugun nata.

Ubangidanka,
Sada

*

Kusada, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Sada.

Bayan gaisuwa, ina fata kun isa lafiya, kai da motar. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce ba lafiya. Ba zan yi maka wasa yau ba.

Ka tafi ba ka ce da ni uffan ba, don haka bari in faɗa maka yadda aka yi, kada ka ɗauka ganganci ne. Da takardarka ta zo na karanta ta a ƙofar masallaci, aka sa na sake karantawa. Kowa ya ji inda ka ce in ta hau tauri sai ta yi tsalle, kowa ya ji inda ka ce a gyara kamar za a tari babban baƙo. To mu a nan, in baƙo mai girma zai zo, me muke yi? Rairayi muke zubawa. Shi muke zubawa a zaure, shi muke zubawa a masallaci. Muka ce abin da ke tsalle don tauri ai laushi yake so. Mai gari ya sa aka yi gayya. Muka farfashe hanyar da fartanya tun daga kuka har ƙofarmu don kada a bar tudu ko ɗaya, duk jakin da ke garin nan ya yi jigilar rairayi daga rafi, mata suka tankaɗe na ƙofar gida da rariya. Da muka gama hanyar ta yi fari fat, aka hana ko akuya ta taka. Wallahi ni kaina da na dube ta sai da na ji girman kaina.

Sannan ka ɓullo. Sada, duk abin da ka rubuta ba ka faɗi rabi ba. Rana tana bisa jikinta kamar ruwa. Tsofaffi suka tashi tsaye ba wanda ya ce su tashi. Ta shigo rairayin nan a hankali, ta yi 'yar tafiya, sai ta tsaya. Ka taka ta, muka ji muryarta ta gaske. Ban taɓa jin abu mai rai ko maras rai ya yi wannan kukan ba. Tayoyin baya suna juyawa har ba a ganinsu, rairayi yana tashi sama ya wuce tsawon mutum, bayanta yana dukan ƙasa yana ɗagawa, ita kuwa ko taki ɗaya ba ta ƙara ba, sai nutsewa take. Ga ƙarfin da zai ja garin nan duka, ga shi ya rasa abin da zai dafa. Da ƙarfen nan ya karye a ƙarƙashinta, kas, sai na ji kamar a cikina.

Na ga fuskarka lokacin da muka ɗaura mata igiyar rijiya, shanun Bubayero makiyayi suka ja ta da baya zuwa kuka, ka ɗaure abin da ya karye da waya ka lallaɓa ka tafi. Ba ka ko shiga ka gaida Goggo ba. Ban ga laifinka ba.

Ita kuwa tun hantsi tana zaune a zaure, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta saƙi. Duk abin nan da kunne ta gan shi. Da gari ya yi shiru ta ce, "Manu, ta tafi ko?" Na ce ta tafi, Goggo. Ta ce, "To kama ni in koma ɗaki." Na kama ta na mai da ita.

Mun gwada kwashe rairayin. Ba ya kwasuwa, don ƙasar da ke ƙarƙashi mun riga mun mai da ita gari da hannunmu. Ka rubuto, ko zagi ne.

Manu

*

Kusada, daren farko na azumi ya wuce

Sada,

Ina gaishe ka, barka da shan ruwa. Jaji ya je kasuwa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa wayam. Ya ce bai gan ka ba, bai ga motar ba, yaran gidan Alhaji kuma sun ce ba su san inda kake ba. In an kore ka saboda mu ne, ka faɗa mani in san irin nauyin da ke kaina. In fushi kake, ka yi da ni, ni na karanta takarda, ni na fara ɗaukar fartanya.

Abin da nake tsoro ya zo. Mai maganin nan ya dawo, ya sauka gidan sarkin aska, yana cewa na hagun ƙaddara ce ta ci shi, na daman zai yi kyau. Goggo ta ji. Ta kira ni ta ce ta gaji da duhu, ta gaji da a riƙa gaya mata ga ƙwarya nan a damanki. Ta ce ko hasken kwana kaɗan ne irin na bara, tana so. Na ce Goggo, in ya taɓa shi ya mutu, likitan Kano ba abin da zai iya. Ta ce, "Likitan Kano yana Kano."

Na roƙe ta, Haulatu ta yi kuka, da ƙyar ta yarda ta jira har mutumin ya zagayo daga ƙauyukan gabas. Ya ce kafin tsakiyar azumi yana nan. Jiya da yamma hadari ya haɗu ta gabas, bai zubar ba, amma ya nuna kansa. In ruwa ya sauka a kan garin ƙasar da muka yi, ko shanun Bubayero ba za su fitar da komai ba.

Ban san abin da zan ƙara ba. Ido guda ne ya rage mata, kuma ba ni da abin da zan riƙe ta da shi sai sunanka.

Manu

*

Kankiya, cikin azumi

Nagoggo,

Barkanmu da shan ruwa. Lafiyata lau, ba a kore ni ba, kuma ba fushi nake ba, sakarai. Yau na dawo daga Kano na tarar da takardunka biyu a hannun Jaji. Na karanta ta biyun. Ka riƙe Goggo ko da kuka ne.

Ran nan kunya ce ta hana ni shiga. Da wane baki zan gaishe ta? Kuma ni na rubuta maganar babban baƙo, ban ce tauri nake so ba. Na bar garinku tun ina yaro, na mance da rairayinku. Amma sai na faɗa maka, ban taɓa ganin hanya mai kyan wannan ba, ko a unguwar Turawa. Da na hango ta na san za ta ci ni, na kasa tsayawa don kada in kunyata ku.

Sifirin ɗin baya ne ya karye, wato ganyayen ƙarfen nan da ke ɗauke da gangar jikinta. Sai Kano ake samu, can na kwana na tashi wajen wani tsohon makanike har aka gama. Shi ya kwantar da ni ƙarƙashinta ya nuna mani abin da ke faruwa. Ashe in na taka totur, tayar tana tura ƙasa baya, ƙarfin nan kuma yana murɗa sifirin ɗin, ya lanƙwashe kamar baka. In ya kai iyakarsa sai ya saki, tayar ta yi sama ta rabu da ƙasa, ta juya a banza, ta faɗo ta sake kamawa, ya sake lanƙwashewa. Tsallen ke nan. Duk wannan yana faruwa kafin ka ƙifta ido. Ina kwance ina kallon ƙarfen nan mai kaurin tafin hannu, ina tunanin wai shi ke tanƙwaruwa haka, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Ya sa maƙeri ya ƙera maɗauri, aka matse gaban sifirin ɗin kowane gefe don kada ya sami wurin lanƙwasa. Ya ce in rage wa tayoyin baya iska su baje su kama ƙasa da faɗi. Ya ce in tashi da giya ta biyu, in taka totur kamar mai taka ƙwai. Ya ce duk ƙarfin nan nata, kaɗan daga ciki ƙasa ke iya karɓa, sauran ɓarna ne. Na gwada a gargadar hanyar dawowa, ta wuce sumul, na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Alhaji ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya ce ba za a riƙa faɗi a kasuwa rairayin Kusada ya kori motarsa ba, in koma. Amma maganar kaya tana nan, ko buhu ɗaya bai yarda ba, alhali makaniken ya ce dole sai da nauyi a baya. To, Alhaji da bakinsa ya ce motarsa ta mutane ce. Ka samo mani ƙattai uku su jira ni a kuka. Ƙattai na ce, ba irinka ba.

Yanzu ka karanta nan da kyau, kada ka kai shi ƙofar masallaci a yi mashi fassara. Duk dabarun nan ba za su ishe ta a rairayinku ba sai tayar ta sami abin takawa. Zana nake so, ta gamba ko ta kara, a shimfiɗa layi biyu daidai faɗin tayoyi. Kuma in ta tashi ba ta tsayawa, in ta tsaya ta nutse, don haka ba damar a riƙa ɗauko ta baya ana kai wa gaba. Na san ƙarshen rani ne, ba kara ba gamba. Ku nemi abin da ya samu. Ina zuwa ranar Lahadi da hantsi, ko da hadari.

Sada

*

Kusada, ranar Litinin

Ranka shi daɗe, Sada.

Ka ga na rubuta, ka ci. Ina fata kun isa Kano lafiya, kai da Goggo da Haulatu. Mu nan lafiya, sai ciwon baya, gari duka.

Ba ka sami zama ba, ka tambaye ni ta taga ina muka sami zana haka, ban iya ba ka amsa ba. Ga amsar. Da takardarka ta zo na zagaya garin nan, na sami tsofaffin zana 'yan kaɗan, ko inuwar kuka ba za su fitar da kai ba. Na dawo na zauna ina duban dangar gidanmu. Sai na tashi na ɗauko wuƙa na fara yanke igiyoyinta. Haulatu ta fito ta ce lafiya? Na ce ki shiga ɗaki. Na kwantar da dangar duka, gidanmu ya tsaya tsirara, daga hanya kana ganin murhu da randa da shanyar Goggo.

Ban roƙi kowa ba, wallahi. Wa zai iya duban magidanci ya ce ya buɗe gidansa? Ina jan tawa zuwa hanya, sai na ji ƙarar wuƙa a gidan liman. Daga nan gidan sarkin fawa. Daga nan ban ƙara sanin na wa da na wa ba. Matan aure suka shige ɗakuna suka saki asabari, maza da azumi a bakinsu suna ta ɗauko shingayensu a ka. Kafin La'asar ranar Asabar unguwarmu ba danga ko ɗaya. Ka tsaya ƙofarmu ka hangi rijiyar bayan gari ta cikin gidajen mutane. An haife ni a nan, ban taɓa sanin haka garin yake ba. Kowa yana tafiya kansa a ƙasa don kada idonsa ya faɗa inda bai kamata ba, ba wanda ya ɗaga murya. Mai maganin ya iso a ranar, ya tsaya ya duba, ya tambayi abin da ake yi, aka faɗa mashi. Ya juya jakinsa.

Sauran ka sani, amma kai kana ciki, ba ka ga yadda take daga waje ba. Da ka tsaya a kuka ka tsuguna kana sace wa tayoyi iska, mutane suka fara gunaguni wai ka ɓata ta da hannunka. Sarkin fawa da maƙeri da Bubayero suka shiga baya, ta ɗan zauna. Sannan ta taho. Mu da muka ji kukanta ran nan muna jiran ta sake, sai ga ta tana zuwa shiru, zana tana ƙara ƙarƙashinta ƙas-ƙas, ba tsalle, ba ƙura. Wannan shirun ya fi kukan nan ba ni tsoro. Ta zagaya filin ƙofar gida inda muka ninka shimfiɗa, ta tsaya bisa ƙyauren liman da muka ajiye mata don kada ta nutse.

Goggo ta fito da sandarta, da ƙafarta, ba wanda ya ɗauke ta. Ka ga yadda ta shafa jikin motar tun daga hanci har ƙofa kafin ta shiga. Da ƙattan nan suka koma but suka zauna ƙafafunsu na reto, na so in yi dariya, kuka ya zo mani. Kuka tashi, suka diro a kuka ɗaya bayan ɗaya, Bubayero ya faɗi ya tashi. Muka tsaya har muka daina ganinku.

Ruwa ya sauka jiya da Magariba, na farko, mai yawa. Rabin zanar ta karye, sauran muna ta rabo, kowa yana neman tasa, liman da sarkin aska har sun yi musu a kan guda. Shuka ta hana ni biyo ku. Don Allah duk abin da likita ya ce, mai daɗi ko maras daɗi, kada ka ɓoye mani.

Manu

*

Kano, bayan Salla

Nagoggo,

Barka da Salla, Allah shi maimaita mana. Ka gaida liman da mai gari da duk wanda ya kwance dangarsa, ka ce Alhaji Dabo da ya ji labari ya ce a faɗa masu ya gaishe su da girmamawa. Haulatu lafiya, tana gaishe ka, ta ce kada ka bari awaki su shiga rumbu tunda ba shinge.

Ban rubuto da wuri ba don ban so in ba ka rabin magana. A hanya ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. Goggo ta tambaye ni yaushe za mu tashi, alhali mun wuce Kafin Soli. Likita ya duba na hagu ya girgiza kai, ya duba na dama ya daɗe, ya ce da an ƙara taɓa shi da shi ke nan. Aka yi aikin, aka naɗe mata kai, aka ce ta kwanta rigingine kada ta motsa, kada ta yi tari, kada ta yi atishawa. Haulatu ta yi ta zama gefenta tana riƙe mata kai. Ni kuma duk sanda Alhaji ya shigo Kano sai in leƙo.

Jiya muna nan aka kwance. Ina tsaye bakin gado. Aka ɗaga audugar, ta buɗe idon, ja ne, yana ruwa. Likita ya ce da mai yi mashi fassara ya tambaye ta me take gani. Ta ce haske, da wasu abubuwa suna yawo kamar cikin kunu. Na ce a raina shi ke nan, iyakar abin da aka samu ke nan. Sai ya ciro wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba ya ɗora mata.

Nagoggo, ba ta dube ni ba, ba ta dubi likita ba. Hannuwanta suna bisa cinyarta, su ta fara gani. Ta ɗaga su a hankali, ta juya bayansu, ta juya tafinsu, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Hannun wa ke nan?"

Haulatu ta ce, "Naki ne, Goggo."

Ta ƙara dubawa. Ta ce, "Ashe haka na tsufa, ba wanda ya faɗa mani."

Sai ta kama dariya, hawaye yana fita ta idon nan, malamar asibiti tana cewa a hana ta kuka kada ɗinki ya saki. Ba wanda ya iya hana ta, don duk mu ma yi muke.

Za a sallame ta ranar Alhamis.

Naka,
Sada